Lardi na 27 da Duniya Ta Ƙi Shaidawa: Nazarin Lamarin Timor ta Gabas, 1975 zuwa 2002

## Tushen lamarin

Timor tsibiri ne da ke can ƙarshen jerin tsibiran Indonesiya, arewa da Ostireliya. Turawan mulkin mallaka biyu ne suka raba shi a tsakaninsu: Holan ta ɗauki yamma, Fotugal ta ɗauki gabas, kuma sai a 1914 aka gama shata iyakar. Da Indonesiya ta samu 'yancin kai, ta gaji abin da ke hannun Holan. Ɓangaren gabas, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 15,000 da mutane sama da 600,000, ya ci gaba da zama a hannun Fotugal, makarantu kaɗan, hanyoyi kaɗan, arzikin sai gahawa.

A watan Disamba na 1960 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa sunan Timor a jerin yankunan da ba su kai ga mulkin kansu ba, ya kuma ɗora wa Fotugal nauyin kai mutanen yankin ga zaɓar makomarsu. Gwamnatin Fotugal ta Salazar ta yi watsi da maganar, ta ce ita ba ta da yankunan mallaka, larduna ne nata na ƙetare. Duk da haka sunan ya zauna a jerin, kuma a kansa ne za a yi ta taƙaddama har shekara 40.

Ranar 25 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnati a Lisbon, sabbin masu mulki suka ce za su sallami yankunan mallaka. Hankalinsu yana kan Angola da Mozambik da Gini Bisau, Timor ta yi musu nisa. A Dili, babban birnin yankin, jam'iyyu uku suka fito: UDT mai son a tafi sannu a hankali tare da Fotugal, Fretilin mai son cikakken 'yanci, da ƙaramar Apodeti mai son haɗewa da Indonesiya. A Yunin 1974 ministan harkokin wajen Indonesiya, Adam Malik, ya ba José Ramos-Horta, ɗaya daga cikin jagororin masu neman 'yancin Timor, wasiƙa cewa 'yancin kai haƙƙin kowace al'umma ne, har da mutanen Timor. Hafsoshin Shugaba Suharto kuwa lissafinsu daban. Zamanin Yaƙin Cacar Baka ne, Saigon ta faɗi a Afrilun 1975, su kuma suna kallon Fretilin a matsayin 'yan gurguzu a ƙofar gidansu.

A Agustan 1975 UDT ta yi yunƙurin ƙwace mulki, aka gwabza yaƙin basasa na 'yan makonni, Fretilin ta yi rinjaye, gwamnan Fotugal ya tsallaka zuwa ƙaramin tsibirin Ataúro. Sojojin Indonesiya suka fara kutsowa ta kan iyaka. Ranar 16 ga Oktoba aka kashe 'yan jarida biyar masu yi wa gidajen talabijin na Ostireliya aiki a garin Balibo. Ranar 28 ga Nuwamba Fretilin ta ayyana 'yancin kai, tana fatan ƙasar da ke da suna da tuta za ta fi wuyar haɗiyewa. Ƙasashe ƙalilan ne suka amince da ita, Fotugal ba ta cikinsu.

## Disamba 1975: mamaya

Da asubar 7 ga Disamba jiragen ruwan yaƙin Indonesiya suka fara luguden wuta a kan Dili, sojojin laima suka sauko cikin gari. Sunan farmakin Operasi Seroja. Kwana ɗaya kafin nan shugaban Amurka Gerald Ford da sakataren harkokin wajensa Henry Kissinger suna Jakarta, kuma takardun sirrin da aka buɗe a 2001 sun nuna Suharto ya faɗa musu niyyarsa, ba su hana shi ba. Mafi yawan makaman da aka shiga da su ƙirar Amurka ne. An kashe fararen hula da dama a kwanakin farko, wasu a bakin tashar jiragen ruwa. Jama'a suka bi mayaƙan Falintil, reshen soja na Fretilin, zuwa kan duwatsu.

Fotugal ba ta da ƙarfin yaƙi a wannan nisa. Abu biyu ta yi nan take: ta yanke hulɗar jakadanci da Indonesiya, ta kai ƙara Kwamitin Sulhu.

Wanda ya ji cewa Indonesiya ce ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, mutanen Timor ta Gabas kuma yau yawancinsu Katolika ne, zai iya zaton faɗan addini ne. Yana da kyau a kawar da wannan zato tun nan. Janar Benny Murdani, wanda yana cikin manyan da suka tsara mamayar, Katolika ne. Mari Alkatiri, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Fretilin, wanda ya yi zaman gudun hijira a Maputo kuma ya zama firayim ministan ƙasar na farko a 2002, Musulmi ne, jinin Larabawan Hadramaut. Faɗan na ƙasa ne da iko.

## Abin da aka fara gwadawa: ƙudurori, 1975 zuwa 1976

Ƙa'idar ƙin amincewa da ƙasar da aka ci da yaƙi ta girmi wannan rikici. A Janairun 1932 sakataren harkokin wajen Amurka, Henry Stimson, ya sanar da Japan da Sin cewa ƙasarsa ba za ta yarda da sauyin da aka kawo da ƙarfi a Manchuriya ba. Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya haramta amfani da ƙarfi a kan ƙasar wani, sannan a 1970 Babban Zaure ya fayyace cewa yankin da aka samu ta hanyar ƙarfi ko barazana ba za a ɗauke shi halal ba. Wato fin ƙarfi yana iya sa gona ta koma hannun mutum, amma ba ya ba shi takardarta.

Ranar 12 ga Disamba 1975 Babban Zaure ya nemi Indonesiya ta janye. Ƙasashe 72 suka goyi baya, 10 suka ƙi, 43 suka ƙaurace. Indiya da Japan da Malesiya da Filifin da Tailan suna cikin masu ƙi. Amurka da yawancin Yammacin Turai sun ƙaurace. Ostireliya a wannan rana tana cikin masu goyon baya. Ranar 22 ga Disamba Kwamitin Sulhu baki ɗaya ya zartar da ƙuduri mai lamba 384, ya ce Indonesiya ta kwashe sojojinta ba tare da ɓata lokaci ba, ya kuma ambaci Fotugal a matsayin mai riƙon yankin, tare da nuna takaicin yadda ta gaza sauke nauyin da ke kanta. A ranar 22 ga Afrilu 1976 aka maimaita kiran a ƙuduri mai lamba 389, wannan karon Amurka da Japan suka ƙaurace. Daga nan Kwamitin Sulhu bai sake zartar da ƙuduri a kan Timor ba sai 1999.

Ƙudurorin biyu ba su zo da takunkumi ba. Ba su ma fito fili sun umarci ƙasashe kada su amince da mamayar ba, kamar yadda aka yi wa gwamnatin farar fata ta Rodeshiya a 1965, ko yadda za a yi a kan Kuwait a 1990. Wannan giɓi zai sake fitowa a gaban kotu bayan shekara 20.

Jakarta ta yi kunnen uwar shegu da kiran janyewa, amma ta san tana buƙatar shaida. Ranar 31 ga Mayu 1976 ta tara wata majalisa ta mutum 37 a Dili, waɗanda ba jama'a ne suka zaɓe su ba, suka roƙi a haɗe su da Indonesiya. An gayyaci Majalisar Ɗinkin Duniya ta zo ta gani, ta ƙi zuwa. Ranar 17 ga Yuli Suharto ya sa hannu a dokar da ta mai da yankin lardi na 27, mai suna Timor Timur. A Disambar 1976 Babban Zaure ya yi fatali da da'awar haɗewar, domin ba a tambayi mutanen yankin ba. Aure ne aka ɗaura ba yardar amarya, ba waliyyi, ba shaidu.

Irin wannan hanya ta taɓa yi wa Indonesiya aiki. A 1969 ta tara mutum dubu da 'yan kai da ta zaɓa a Yammacin Papua, suka amince da haɗewa baki ɗaya, Babban Zaure kuma ya karɓi rahoton da ƙuri'a 84, ba mai ƙi, 30 suka ƙaurace. Ghana ta nemi a sake ba mutanen Papua damar zaɓi, ba ta samu rinjaye ba.

## Shekarun da komai ya taɓarɓare, 1977 zuwa 1982

A kan ƙasa, ƙudurorin ba su sauya komai ba. Daga 1977 sojojin Indonesiya suka fara zagaye sansanonin duwatsu ɗaya bayan ɗaya, da taimakon jiragen yaƙi ƙirar Bronco da suka samu daga Amurka. Aka ƙona gonaki, aka kashe dabbobi. Dutsen Matebian, mafaka ta ƙarshe mai girma, ya faɗi a Nuwambar 1978, aka kashe shugaban Fretilin Nicolau Lobato ranar 31 ga Disamba. Waɗanda suka sauko daga duwatsu aka tsugunar da su a sansanoni, aka hana su zuwa gona mai nisa, yunwa ta shiga. Sai a 1979 aka bar Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta kai abinci. A 1981 aka tilasta wa dubban maza da yara su jeru a gaban sojoji suna tattaki cikin daji don koro mayaƙa, abin da sojojin suka kira shingen ƙafafu.

Hukumar gaskiya da sasantawa ta ƙasar, wadda ta miƙa rahotonta a 2005, ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum 102,800 ne suka mutu saboda rikicin tsakanin 1974 da 1999: kimanin 18,600 kisa ko ɓacewa, kimanin 84,200 yunwa da cuta. Mafi yawansu a waɗannan shekaru ne. Hukumar ta kuma rubuta laifukan da Fretilin da UDT suka aikata, ko da yake kaso mafi girma ta ɗora shi a kan sojojin mamaya da mataimakansu.

A fagen diflomasiyya ma sahu ya fara tsinkewa. Amurka ta ɗauki matsayi mai baki biyu: ta karɓi haɗewar a aikace, tana kuma cewa ba a yi sahihin zaɓin makoma ba. Birtaniya ta ƙi amincewa a hukumance, amma a 1978 ta sayar wa Jakarta jiragen yaƙi ƙirar Hawk. Ostireliya ce ta wuce kowa. A Janairun 1978 ta amince da haɗewar a aikace, a Fabrairun 1979 ta amince a shari'ance, lokacin da ta zauna da Indonesiya don raba ƙarƙashin tekun da ke tsakaninta da Timor, inda ake da man fetur da iskar gas. Hujjarta ita ce abin da ya faru ya riga ya faru, ba mai mayar da hannun agogo baya.

Ƙuri'un goyon baya a Babban Zaure suka riƙa raguwa kusan kowace shekara. A Nuwambar 1982 ƙudurin ya tsallake da ƙyar: 50 na goyon baya, 46 na ƙi, 50 sun ƙaurace. Da ƙasashe uku sun sauya sheƙa daga wannan gefe zuwa wancan, da ya faɗi, kuma da Jakarta ta ce duniya ta rufe maganar. Wannan ƙuduri bai ma ƙara cewa a janye sojoji ba, ya dai umarci babban sakataren Majalisar ya tuntuɓi ɓangarorin da abin ya shafa. Daga 1983 aka riƙa ɗage batun kowace shekara ba tare da ƙuri'a ba.

## Riƙon fayil, 1983 zuwa 1990

Wannan lokaci ne da daga waje za a ga kamar ba abin da ke motsi. Xanana Gusmão, sabon jagoran Falintil, ya sake tattara ragowar mayaƙa, aka yi tsagaita wuta a Maris na 1983, ta rushe a Agusta, aka yi kisan gilla a ƙauyen Kraras. Babban sakatare Javier Pérez de Cuéllar ya fara haɗa Fotugal da Indonesiya a teburi. Zaman ya daɗe bai haifar da abin kirki ba, sai 'yan batutuwan jin ƙai kamar mayar da tsoffin ma'aikata Fotugal. Sai dai kowane zama yana nufin Indonesiya ta yarda ta tattauna da wata ƙasa a kan yankin da take kira lardinta.

Fotugal, wadda sakacinta yana cikin abin da ya jawo bala'in, ta riƙe matsayinta na waliyyi ta ƙi saki. Tsarin mulkinta na 1976 ya ɗora wa shugaban ƙasa da gwamnati nauyin tabbatar da haƙƙin Timor na samun 'yanci, don haka ba wata gwamnati a Lisbon da za ta iya yafe maganar a ɓoye. Da ta shiga Tarayyar Turai a 1986 sai ta samu abin da ba ta da shi a da, wato ikon tsayar da abin da ke buƙatar yardar kowa. A 1992 ta hana a sabunta yarjejeniyar haɗin gwiwa tsakanin Turai da ƙungiyar ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya, ASEAN, saboda Timor.

Ƙasashen Afirka biyar masu magana da harshen Fotugal, wato Angola, Mozambik, Gini Bisau, Cape Verde da Sao Tome, ba su taɓa ja da baya ba. Su ne suka ba 'yan gudun hijirar Fretilin masauki da muryar da za ta yi magana a madadinsu a tarukan duniya. Kowace shekara kwamitin Majalisar mai kula da kawar da mulkin mallaka yana zama, ana kiran sunan Timor ta Gabas, Ramos-Horta da wasu suna zuwa su yi bayani, wakilin Indonesiya yana ƙorafin cewa wannan harkar cikin gida ce.

Fadar Fafaroma ma ta yi nata ƙin amincewar cikin shiru. Ba ta haɗa cocin Dili da majalisar bishop-bishop ta Indonesiya ba, ta bar shi kai tsaye ƙarƙashin Rum. Da aka hana amfani da harshen Fotugal, cocin ya koma ibada da Tetum, harshen gida. A Fabrairun 1989 Bishop Carlos Belo ya rubuta wa babban sakatare yana neman a yi ƙuri'ar raba gardama, yana cewa al'ummarsa tana mutuwa. Shekaru suka wuce bai samu amsa ba.

Ranar 11 ga Disamba 1989 ministocin harkokin wajen Ostireliya da Indonesiya, Gareth Evans da Ali Alatas, suka sa hannu a yarjejeniyar raba arzikin tekun, a cikin jirgin sama yana shawagi a kan tekun Timor. Takardar ta kira Timor ta Gabas lardin Indonesiya.

## Maƙabarta da kotu, 1991 zuwa 1997

An shirya wata tawagar 'yan majalisar Fotugal za ta ziyarci Dili a ƙarshen 1991, matasa suka yi ta shiri a ɓoye don su nuna mata halin da ake ciki. Aka soke ziyarar. Ranar 28 ga Oktoba aka kashe wani matashi, Sebastião Gomes, a cocin Motael. Ranar 12 ga Nuwamba dubban mutane suka yi jerin gwano zuwa kabarinsa a maƙabartar Santa Cruz, suna ɗaga tutoci, sojoji suka buɗe musu wuta. Hukuma ta fara cewa 19 ne suka mutu, daga baya ta ce kimanin 50. Ƙididdigar da 'yan Timor da masu kare haƙƙin ɗan Adam suka tattara ta haura 250.

An yi kashe-kashen da suka fi wannan yawa a baya. Bambancin shi ne wani ɗan jaridar Birtaniya, Max Stahl, ya ɗauki hoton bidiyon, aka fitar da shi a ɓoye, duniya ta kalla. Gani ya kori ji. Holan da Kanada da Denmak suka dakatar da wani ɓangare na tallafi, Majalisar Dokokin Amurka ta yanke kuɗin horar da sojojin Indonesiya a 1992. Ƙungiyoyin goyon baya suka tsiro a ƙasashe da dama, har da cikin ɗaliban Indonesiya masu adawa da Suharto. Kama Xanana a Nuwambar 1992 bai kashe maganar ba. An yanke masa ɗaurin rai da rai, aka mayar da shi shekara 20, kurkukun Cipinang a Jakarta ya zama inda baƙi ke neman ganinsa. A Yulin 1997 Nelson Mandela, yana ziyara a Indonesiya, ya nemi a kawo masa shi suka gana. Ali Alatas ya taɓa kwatanta Timor da tsakuwa a cikin takalmi.

Hanyar kotu kuwa ba ta ɓulle ba. Indonesiya ba ta yarda da hurumin Kotun Duniya ba, don haka a Fabrairun 1991 Fotugal ta kai ƙarar Ostireliya a kan yarjejeniyar teku. Ranar 30 ga Yuni 1995, da rinjayen alƙalai 14 a kan 2, kotun ta ce ba za ta iya yanke hukunci ba, domin sai ta fara duba halaccin abin da Indonesiya ta yi, ita kuwa ba ta gabanta. Ta kuma ce ƙudurorin Majalisar, yadda aka rubuta su, ba su isa su nuna an wajabta wa ƙasashe yin hulɗa da Fotugal ita kaɗai ba. Fotugal ta faɗi. Abin da ta fito da shi shi ne kotun ta rubuta cewa haƙƙin zaɓar makoma haƙƙi ne da ke kan wuyan kowace ƙasa, kuma duka ɓangarorin biyu, har Ostireliya, sun yarda mutanen Timor ta Gabas suna da shi.

A 1996 aka ba Belo da Ramos-Horta kyautar zaman lafiya ta Nobel. A 1997 sabon babban sakatare, Kofi Annan, ya naɗa Jamsheed Marker na Pakistan wakilinsa na musamman, tattaunawar ta sake ɗaukar rai.

## Ƙofa ta buɗe, 1998 zuwa 1999

Abin da ya girgiza Jakarta daga wani gefe ya zo. Rikicin kuɗi na Asiya ya karya darajar rupiya, daga kimanin 2,400 a kan dala ɗaya a tsakiyar 1997 zuwa wajen 16,000 a 1998. Ƙasar ta koma dogaro da bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ranar 21 ga Mayu 1998 Suharto ya sauka. A watan Yuni magajinsa, B. J. Habibie, ya yi tayin ba yankin cin gashin kai na musamman, da sharaɗin duniya ta amince cewa na Indonesiya ne. Bayan shekara 22 da dokar haɗewa, amincewar ce har yanzu yake nema. Fotugal da shugabannin Timor suka ce sai an tambayi jama'a.

A Disambar 1998 firayim ministan Ostireliya, John Howard, ya rubuta wa Habibie yana ba da shawarar a yi cin gashin kai na wasu shekaru, sannan a yi zaɓin makoma. Ƙasar da ta fi kowa tsaya wa Jakarta ta sauya. Ranar 27 ga Janairu 1999 gwamnatin Habibie ta sanar cewa idan mutanen yankin suka ƙi tayin, za a rabu. Ranar 5 ga Mayu Indonesiya da Fotugal da Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa hannu a New York a yarjejeniyar yin ƙuri'ar raba gardama a kan tayin. Ba a ɓata lokaci wajen neman wanda zai zauna a teburi ba, domin teburin yana nan tun 1983.

Yarjejeniyar tana da rauni guda mai muni: an bar tsaro a hannun Indonesiya. Tun kafin a sa hannu 'yan bangar da sojoji suka ɗaure wa gindi sun kashe mutane a cocin Liquiçá ranar 6 ga Afrilu. Duk da tsoratarwa, mutum 451,792 suka yi rajista, kashi 98.6 cikin ɗari suka fito ranar 30 ga Agusta. Sakamakon da aka sanar ranar 4 ga Satumba: 344,580, wato kashi 78.5, sun ƙi tayin cin gashin kai, 94,388 sun karɓa.

Cikin sa'o'i aka fara ƙone-ƙone. An kashe kimanin mutum 1,400 a wannan shekara, an kwashe kimanin 250,000 zuwa Yammacin Timor, an lalata kusan kashi 70 cikin ɗari na gine-gine da kayan more rayuwa. Xanana ya umarci Falintil su zauna a sansanoninsu kada su mayar da martani, don kada a ce yaƙin basasa ne. Kwamitin Sulhu ya tura tawaga ƙarƙashin jakadan Namibiya, Martin Andjaba, wanda ƙasarsa ita ma ta daɗe a hannun mamayar da duniya ta ƙi halattawa. Amurka ta dakatar da hulɗar soja, Asusun Lamuni da Bankin Duniya suka nuna kuɗi zai tsaya. Ranar 12 ga Satumba Habibie ya yarda a shigo da dakarun ƙasa da ƙasa, suka sauka a Dili ranar 20 ga wata ƙarƙashin jagorancin Ostireliya.

## Sakamako

A Oktoban 1999 babbar majalisar Indonesiya ta soke haɗewar, sojojinta na ƙarshe suka bar Dili a ƙarshen watan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙe yankin ƙarƙashin Sérgio Vieira de Mello har zuwa 20 ga Mayu 2002, ranar da aka ɗaga tutar sabuwar ƙasar, Timor-Leste, shugabar Indonesiya Megawati Sukarnoputri tana wurin. 'Yan ƙasar suna kiran ranar da maido da 'yanci, domin a wurinsu ƙasar ta 28 ga Nuwamba 1975 ba ta taɓa mutuwa ba. Ranar 27 ga Satumba 2002 ta zama mamba ta 191 a Majalisar.

Hukunta masu laifi bai je ko'ina ba. Kotun musamman da aka kafa a Jakarta ta gurfanar da mutum 18, a ƙarshe duk aka wanke su. A Dili an tuhumi Janar Wiranto, shugaban rundunar sojin Indonesiya a 1999, a 2003, bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

## Hukunci: me ya gaza, me ya yi aiki

Ƙin amincewa bai ceci ran kowa a Matebian ba, bai kai ko mudu ɗaya na masara sansanonin 1979 ba. Duk wanda zai yabi wannan hanya, wajibi ne ya fara da mutum 102,800. Kuma a ganina laifi mafi nauyi bayan na masu mamaya yana kan ƙasashen da suka ƙi sa hannu a takarda suna kuma miƙa jiragen yaƙi. Matsin da aka yi a Satumbar 1999 ya sa Jakarta ta sauya matsayi cikin kwana takwas. Waɗannan ƙasashe suna da irin wannan ƙarfi tun 1975, ba su yi amfani da shi ba.

Abin da ƙin amincewar ya yi shi ne ya tsare abu uku har ranar da za a buƙace su: sunan yankin a jerin Majalisar, waliyyi mai hurumin magana, da tambayar da ba a amsa ba, wato me jama'a ke so. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da Suharto ya faɗi, lardunan Aceh da Papua ma sun ɗaga murya, amma Timor kaɗai aka ba ƙuri'a, domin ita ce kaɗai Habibie zai iya saki ya ce gyaran tsohon fayil ne, ba ɓallewar lardi ba. Papua ta sha irin wannan aure a 1969, sai dai nata an samu shaidu, kuma har yau tana cikin Indonesiya. A nan nake ganin nauyin ƙuri'u huɗun da suka raba 50 da 46 a 1982, da hikimar waɗanda suka gwammace a riƙa ɗage batun da a sake jefa shi ƙuri'a ya faɗi.

Takarda ita kaɗai ba ta isa ba. Da mutanen cikin gida sun sallama, da fayil ɗin ya zama tarihi kawai, kamar yadda Goa, tsohon yankin mallakar Fotugal da Indiya ta ƙwace, ta zama bayan Fotugal ta amince da mulkin Indiya a 1974. Mayaƙan duwatsu, matasan Santa Cruz, cocin da ya riƙe harshen Tetum, da tsofaffin da suka sauko daga ƙauyuka tun dare don su jefa ƙuri'a sun san za a rama a kansu, su ne suka hana maganar mutuwa. Rushewar rupiya kuwa ba wanda ya shirya ta.

Barin tsaro a hannun masu mamaya a yarjejeniyar 5 ga Mayu kuskure ne da aka gani tun kafin a yi shi. Masu shiga tsakani sun ce da sun nace a kan dakarun waje, da Jakarta ta fasa ƙuri'ar gaba ɗaya, kuma shugabannin Timor da kansu sun zaɓi a ci gaba. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta wanke rashin tanadin abin da za a yi washegarin sakamako ba.

Sai lissafin Ostireliya, wadda ta ce ita ce mai kallon zahiri. Yarjejeniyar da ta sa wa hannu a cikin jirgi ta faɗi tare da lardi na 27. Ita ce ta tura sojoji su kashe wutar, sannan ta koma teburi da ƙasar da ta ce ba za ta taɓa wanzuwa ba. Bayan jayayya mai tsawo, ranar 6 ga Maris 2018 a New York, ta sa hannu a sabuwar yarjejeniyar da ta ja iyakar tekun kusa da tsakiyar ruwan, ta kuma ba Timor-Leste kashi 70 ko 80 cikin ɗari na kuɗin shigar rijiyoyin gas na Greater Sunrise, gwargwadon inda aka kai bututun.